Injin ƙanƙarata ya rage aiki: gas ne ya ƙare?

Tambaya: Ina sayar da zoɓo da kunun aya a Kano, ina da ƙaramin injin ƙanƙara mai fitar da ƴan gutsattsari. Shekararsa ɗaya da rabi. Yanzu ƙanƙarar tana fitowa ƙanana, tana jinkiri, har da ɗan wari. Wani mai gyara ya ce gas ne ya ƙare. Ga azumi na tafe, me zan yi?

Amsa: Hajiya, kada ki biya kuɗin gas tukuna. Gas ɗin inji ba fetur ba ne da ake ƙonawa, a rufe yake yana zagayawa cikin bututu. In ya ragu, to akwai huda, kuma wanda ya ɗura sabo bai toshe hudar ba, kuɗinki kawai ya ci. Ni datti na fi zargi.

Cire filogi, ki duba kondensa, wato ragar ƙarfen da fanka ke hurawa. Ƙurar hunturu tana toshe ta, zafi ya kasa fita, kwamfuresa, wato abin da ke tura gas ɗin cikin bututu, ya yi ta wahala. Ki share da burushi mai laushi duk wata, ki kuma janye injin daga jikin bango da wajen murhu.

Sai ruwan. In na burtsatse ne, yakan bar farin abu kamar alli, irin wanda kike gani a gindin butar shayi. Idan ya lulluɓe ƙarafan da ƙanƙara ke kamawa, sanyi ba ya ratsawa sosai. Ki zubar da ruwan tankin, ki haɗa farin khal da ruwa rabi da rabi, ki zuba a tankin, ki kunna injin ya zagaya kamar minti 20, sannan ki ɗauraye sau uku. Don Allah ban da wuƙa ko soson ƙarfe. Na sha ganin inji da kankarewa ta kashe, ba tsufa ba.

Warin kuwa daga yauƙi ne da funfuna a tanki da kwando. Khal ba ya isa nan. Bayan kin ɗauraye shi tas, ki sa cokali ɗaya na Hypo a ruwa lita 4, ki goge ko'ina, ki sake ɗauraya. Kada khal da Hypo su taɓa haɗuwa, suna fitar da iskar kulorin mai shaƙe mutum. Ƙanƙarar zubi biyun farko ki zubar. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin taifot, kuma ƙanƙararki mutane ne ke shan ta, don haka ruwan da za ki iya sha shi kaɗai za ki zuba.

In an ɗauke wuta aka dawo da ita, ko kika koma janareta, jira minti 5 kafin ki kunna. Idan bayan duk wannan ƙarafan ba sa yin sanyi ko kaɗan alhali kwamfuresa na aiki, sai ki kira mai gyara, ki ce ya nuna miki hudar kafin ya ɗura komai.