Shafina Yana Nauyi, Wace Manhajar Matse Bayanai Zan Sa?

Tambaya: Malam, ina da shafin sayar da atamfa a intanet, shagona yana Kasuwar Barci. Kwastomomi na kukan shafin na cinye musu data. Tsakanin gzip da Brotli, wanne zan kunna? Daga wata mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, kunna duka biyun, domin dukansu hanyoyi ne na matse bayanan shafi kafin a aika wa mai buɗe shi. Gzip tsoho ne, tun 1992 yake, kuma kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta san shi. Nginx da Apache, manhajojin da ke aika shafi ga masu buɗe shi, duk suna ɗauke da shi. Brotli kuwa, wanda Google ya fitar, ya fi matse rubutun shafi, domin yana zuwa da ƙamus na kalmomin da aka saba gani a shafuka. Apache ya karɓe shi tun siga 2.4.26, amma a Nginx sai an ɗora masa ƙarin manhaja, kuma burauza ba ta karɓarsa sai shafin yana da HTTPS, wato tsarin tsaro da ke sa adireshin shafi ya fara da https.

Ni dai abin da ke damuna shi ne hotunanki. JPEG, tsarin da aka saba ajiye hotuna da shi, ya riga ya matsu, gzip ba zai rage masa komai ba. Na taɓa buɗe shafin wani tela a Kawo, hoton shadda ɗaya ya kai megabait 4! Rage girman hotunan atamfar tukuna, Hajiya.