Kyanwa mai zawo, amai ko mura: amsar tambayoyinku

Masu awaki da kaji ku ɗan yi haƙuri, yau ta masu kyanwa ce, tambayoyinsu sun taru.

Wata 'yar uwa ta ce 'yar kyanwarta mai wata biyu tana zawo kwana biyu kenan, cikin ya kumbura, kuma madara take bata safe da yamma.

To 'yar uwa madarar nan ita zaki fara tsayarwa yau ɗin nan. Da zarar an yaye kyanwa cikinta yana rage iya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu, sai ya wuce hanji ya jawo ruwa, shine zawon da kike gani. Wajen abin sha, ruwa mai tsabta ya isheta. Kumburin cikin kuma mafi yawa tsutsa ce, tun a nonon uwarsu suke ɗaukarta, shi yasa ake fara basu maganin tsutsa daga sati 3, a maimaita duk sati 2 har su kai kamar sati 8, sannan duk wata har wata 6, kuma da nauyin jiki ake auna shi ba da ido ba. Ki kama fatar bayan wuyanta ki ɗaga ki saki, in ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya tana komawa a hankali kuma dasashinta ya bushe yana danƙo, ruwan jikinta ya yi ƙasa sosai. In kuma har da amai ko jini a kashin, ta ƙi abinci, ba a taɓa mata rigakafi ba, dan Allah kar ki bari a kwana, akwai cutar panleukopenia mai kashe ƙanana cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wani malam kuma ya ce tasa babba ce, tana amai da curin gashi. In jefi-jefi ne kuma tana ci tana wasa, gashin da take lasa ne, ka riƙa taje ta kawai. Amma amai sau uku sau huɗu a wuni wani abu ne daban. Ka buɗe bakinta ka leƙa ƙarƙashin harshe, kyanwa na son wasa da zare kuma yakan maƙale a nan sauran ya wuce hanji. In ka ga zare a baki ko a dubura kar ka ja, jan nan yana iya yanka hanjin, aikin likitan dabbobi ne. Sannan ragowar abinci mai albasa ko tafarnuwa yana lalata musu jini, a daina basu. Kyanwar da ta yi kwana 2 zuwa 3 bata ci komai ba, musamman mai ƙiba, kitse kan taru a hantarta, so ba irin dabbar da za a ce a barta yunwa ta koya mata hankali bace.

Sai tambayar da ta fi tayar min da hankali. Hajiya ta ce magenta na atishawa, ido na ruwa, hanci ya toshe, ko ta ɓalla mata rabin farasitamol?

A'a Hajiya, ko kwata kar ki bata, ko sirop ɗin yara. Hantar kyanwa bata da sinadarin da ke sarrafa wannan maganin kamar tamu, ƙwaya ɗaya na iya kasheta, jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafa su kumbura, kuma abin takaicin mai ita da niyyar taimako ta bata. Haka ibuprofen, shima a'a. Abinda kika kwatanta murar kyanwa ce, yawanci ƙwayar bairos ke kawota, shi yasa antibayotik ba kullum yake da amfani ba sai majinar ta yi kauri ta koma kore ko rawaya likita ya rubuta. Abinda zaki yi a gida: ki goge ido da hanci da auduga da ruwan ɗumi, ki shiga da ita banɗaki lokacin da tururin ruwan zafi ya cika kamar minti 10, ki ɗumama abincinta ya yi ƙamshi saboda kyanwa in bata ji ƙanshi ba bata ci. Ki raba ta da sauran. Ki duba harshenta ko akwai gyambo, yana hana su ci. Su kuma ƙananan a musu rigakafi a sati 8 zuwa 9, a ƙara bayan sati 3 ko 4.

Na ƙarshe ya ce tasa tana miƙe wuya ƙasa-ƙasa tana tari kamar zata yi amai amma ba abinda ke fitowa. Wannan ya fi kama da asma. Ka nisantar da ita daga hayaƙin sigari, turare, feshin maganin sauro da ƙura, ka ɗauki bidiyon tarin a waya ka nuna wa likita. Idan tana barci ka ƙirga sau nawa ƙirjinta ke ɗagawa a minti ɗaya, ƙasa da 30 lafiya, in kullum yana haura 30 a kaita a duba, 40 kuma kar a jira. Kare ne ke haki da baki buɗe ba komai, kyanwa in ta buɗe baki tana numfashi ko harshenta ya yi shuɗi-shuɗi, kar ka ɗura mata ruwa ko magani, kar ka matse ta a ƙirji, ka sata a kwali mai iska a hankali ku tafi asibitin dabbobi a lokacin.