Wai Turanci daga Jamusanci aka sato shi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina koyon Jamusanci ne don neman aikin jinya a Jamus, sai na ga kalmomi irin su Hand, Finger, Arm, Winter duk rubutunsu ɗaya da na Turanci. Wani a bidiyo ya ce wai Ingila ce ta sace yaren Jamus, har ya ce hand ma daga "hannu" namu ne. Ni dai yanzu da kamannin kalma nake cankar ma'anarta, kuma ina tsoron kar hakan ya kayar da ni a jarrabawa.

Amsa: 'Yar'uwa gara da kika ji tsoron. Batun sata dai babu shi, Turanci da Jamusanci da yaren Holan da na Suwidin gado suka ci daga kaka ɗaya, mutanen da suka kai Turanci Birtaniya a ƙarni na 5 daga arewacin Jamus da Denmak suka ƙetara da bakinsu. Shi ya sa kika ga Hand da Finger.

Amma wannan na "hannu" shi ke ci min tuwo a ƙwarya, kullum sai an turo min irinsa. Mutum ya ɗauko kalma biyu ya ji sun yi kama a kunne, shikenan ya kunna kyamara ya zama farfesa, ga mabiya dubbai suna ta tafi ba wanda zai ce masa ina hujja. Hausa yaren dangin Chadi ne, danginta na nesa su Larabci da Ibrananci da yaren Buzaye, ba abin da ya haɗa hannu da hand sai dace. Yare kowanne yana da kalmomi dubbai, sautukan da baki ke iya fitarwa kuwa 'yan kaɗan ne, dole wasu su yi karo. Ko a cikin Turai ma, have na Turanci da habere na Latin, yaren tsoffin Rumawa, ma'anarsu ɗaya kamanninsu ɗaya, amma ba asalinsu ɗaya ba, ainihin ɗan'uwan have a Latin shi ne capere, wato kamawa. Haka much da mucho na Sifaniyanci, ba dangin iya ba na baba.

To da me ake ganewa? Da canjin sauti da ke maimaita kansa a kalmomi rututu. Masana harsuna biyu ne, Rasmus Rask ya hango shi a 1818, Jacob Grimm ya tsara shi a 1822: inda Latin ke da p, yarukan dangin Jamus suna da f, pater da father, piscis da fish. Inda take da sautin k su suna da h, centum da hundred, cornu da horn, kin ga ta nan capere ya dace da have. Daga baya Jamusanci ya ƙara nasa juyin shi kaɗai, water ya tsaya a Turanci, a Jamusanci ya koma Wasser, ten da zehn, apple da Apfel. Wannan ƙa'idar ita za ki riƙe, tana sauƙaƙa hadda sosai. Mai bidiyon nan a ce ya kawo ko kalma goma na Hausa da suka bi tsari ɗaya da hannu, wallahi ba zai iya ba.

In yana son haɗi na gaske akwai, sukari namu da sugar da Zucker duk ta Larabci suka biyo, asalin kalmar daga Indiya. Wannan aro ne ta hanyar fatauci.

Ke da za ki shiga asibiti kuwa canka haɗari ce. Bekommen ba become ba ne, samu yake nufi. Gift a Turanci kyauta ce, a Jamusanci guba, kuma waɗannan asalinsu ɗaya ne ma, daga bayarwa, abin da aka ba mutum ya sha ne ya rikiɗe ya zama guba a bakin Jamusawa, tsohuwar ma'anar ta maƙale a Mitgift, kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji. Duk kalmar da ta yi miki kama da Turanci ki buɗe ƙamus ki tabbatar kafin ki rubuta ta a jarrabawa, balle a takardar mara lafiya.