Yaron da aka tsinta a unguwa: wa ke da alhakinsa?

Hajiya, kin tambaya ko ƙaramar hukuma ce za ta riƙe jaririn da aka tsinta a layinku a Fagge. Tana da hannu a ciki, amma ba ita kaɗai ba.

Ku fara sanar da mai unguwa, sannan ofishin 'yan sanda mafi kusa, don a rubuta inda aka same shi da lokacin. Daga nan sai sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Su ne ya kamata su tabbatar an kai shi asibiti an duba lafiyarsa, a yi cigiyar danginsa. In ba a samu kowa ba, yawanci Gidan Yara na Nassarawa da ke cikin Kano ake kai shi, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar mata ta jiha.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi rajistar haihuwa, da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Don Allah ku matsa a yi masa takardar haihuwa, nan ne ake yawan sakaci, yaro ya girma ba shi da shaidar komai.

In kina son riƙonsa, Allah Ya saka miki, amma ki bi ta ma'aikatar da kotu. Kar ki ɗauke shi a ɓoye, gobe a zarge ki da satar yaro.