Shin Alƙur'anin Birmingham Ya Girmi Zamanin Wahayi?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa masana a Ingila sun gano wani tsohon Alƙur'ani wanda gwajin kimiyya ya nuna an rubuta shi tun kafin a aiko Annabi (SAW). Mene ne gaskiyar wannan magana?

Amsa: Da farko dai, abin da ake magana a kansa ba cikakken mus'hafi ba ne. Warƙa biyu ne na fata, ɗauke da sassan surorin Kahfi da Maryam da Ɗaha, a cikin tarin rubuce-rubucen Mingana da ke Jami'ar Birmingham. Wata mai bincike 'yar Italiya, Alba Fedeli, ce ta lura cewa an haɗe su da wani kundi da ba nasu ba. A shekarar 2015 jami'ar ta sanar da sakamakon gwajin sinadarin kabon da aka yi a Oxford, wanda ya sanya fatar tsakanin shekarar 568 da 645 miladiyya, da tabbacin kashi 95.4 cikin ɗari.

Daga nan ruɗanin ya taso. Wannan gwaji yana auna lokacin da dabbar da aka jeme fatarta ta mutu ne, ba ranar da alƙalami ya hau kanta ba, kuma tazara yake bayarwa, ba shekara guda ba. Annabi (SAW) ya yi wafati a 632, Sayyidina Usman kuma ya hau halifanci a 644, duka a cikin tazarar. Waɗanda suka kama 568 suka yi ta yayatawa sun ɗauki bakin lissafin ne suka bar cikinsa. Ita kanta hanyar rubutun, wadda masana ke kira Hijazi, ta ƙarni na farko na hijira ce, kuma akwai sauran warƙoƙi 16 na wannan mus'hafi a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa da ke birnin Paris, waɗanda asalinsu daga masallacin Amru ɗan Asi ne a Fusɗaɗ ta Masar.

A ganina, binciken da ya fi wannan nauyi shi ne wanda bai samu irin wannan shela ba. A 2019 Marijn van Putten, masanin harshe a Jami'ar Leiden, ya bi kalmar "ni'imatullahi" a cikin tsofaffin mus'hafai. Mahaddatanmu sun san cewa a wasu wurare ana rubuta ta da ta-kuri, a wasu kuma da miƙaƙƙiyar ta, alhali idan aka sadar da karatu kunne ba ya rarrabe su. Ya tarar tsofaffin kwafin nan sun yi ittifaƙi a kan inda kowace siga take. Marubutan da ake yi wa shifta da baki ba za su taɓa dacewa haka ba, sai dai idan daga rubutaccen asali guda suka kwafa, wanda kuwa ya yi daidai da abin da malaman Musulunci suka ruwaito game da mus'hafin Usman.

Inda har yanzu ake muhawara shi ne rubutun ƙasa na wani mus'hafi da aka samo a Babban Masallacin San'a ta ƙasar Yaman a 1972, wanda aka kankare aka sake rubutu a kansa. Lafazinsa da jerin surorinsa sun saɓa wa na Usman a wasu wurare, kuma masana da dama suna kwatanta shi da abin da aka ruwaito game da mus'hafan sahabbai irin su Ibnu Mas'ud da Ubayyu ɗan Ka'abu.