Farantan sola shida da kwantirola mai 150V: sanyi zai ƙona ta?

Tambaya: Malam, ina da farantai shida, Voc ɗin kowanne (wato volt ɗin da faranti ke bayarwa idan ba a jan wuta daga gare shi) 49.5, batir na 48V, kwantirola MPPT (na'urar da ke daidaita cajin batir daga farantai) mai iyakar 150V. Mai haɗa min ya ce a jera uku-uku a siris (ɗaya bayan ɗaya, volt ɗinsu ya haɗu), tunda 148.5 bai kai 150 ba. Amma sanyinmu yakan sauka zuwa digiri 5 ƙasa da sifiri. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Gara da bai kwanta ba. Kada ka bari ya haɗa haka.

Lambar 49.5 da ke bayan farantin a digiri 25 aka auna ta. Duk digiri ɗaya da aka sauka, Voc yana ƙaruwa da kusan kashi 0.28 cikin ɗari. Takardar farantinka za ta ba ka ainihin adadin. Daga 25 zuwa 5 ƙasa da sifiri digiri 30 ke nan, wato ƙarin kashi 8.4. Sai 148.5 ɗin nan ya koma kusan 161.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa wai sanyi rage ƙarfin sola yake yi, don haka babu haɗari. Batir ne sanyi ke raunanawa, faranti kuwa ƙara masa volt yake. Wasu kuma Vmp, wato volt ɗin faranti lokacin da ake jan wuta, suke lissafawa, alhali da asuba, kafin kwantirola ta fara jan wuta, Voc ne ke tsaye a bakinta. Farantin ya kwana cikin sanyi, ɗan hasken farko ya ishe shi ya kai volt kusan ƙololuwa. Sai ka ji wani ya ce "ai MPPT tana rage abin da ya yi yawa." Amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, take iya ragewa. Volt idan ya wuce iyaka, kayan cikinta ne ke ƙonewa, garanti kuma yawanci ba ya ɗaukar wannan.

Ka jera biyu-biyu a siris, layuka uku a faralel (gefe da gefe, amfiyarsu ta haɗu): kusan 107V a sanyin, kuma ya isa cajin 48V. Tunda layuka uku ne, kowanne ya samu fiyus ɗinsa na DC, wayar da ta haɗa su kuma ta yi kaurin ɗaukar amfiyar ukun. In ba haka ba, sai kwantirola mai 250V.

Batir za ka fara haɗawa, sannan farantai. Wajen cirewa, farantai tukuna. Idan batirinka litiyam ne, a saita kada ya yi caji idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri.