Tambaya da Amsa: Jan biron supabaiza da rigimar manazarta

Lokacin furojet ya zo, duk bisines sentar da ka leƙa daga Kabuga har Ɗanbare cike take da 'yan aji huɗu, kowa da filas a hannu ido ya yi ja. Saƙonnin da suka shigo mana wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, na zaɓo huɗu.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, wallahi na gaji. Sau uku supabaiza na yana dawo min da babi na biyu, ko'ina jan biro, duk inda na yi magana sai ya ja layi ya rubuta wai a ina na samo, kuma ya ce in bi APA na 7, wato bugu na bakwai na wani tsarin nuna madogara da jera manazarta, alhali ni furojet ɗin wata yayata na duba na bi tsarinta sak, ita kuma an karɓi nata ba wata matsala. Shin mutumin nan ba takura min kawai yake ba? Daga wata 'yarka a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ba takura ba ce, ko kuma in ce in ma akwai takurar to ba a nan take ba. Bari in tambaye ki, da a ce a islamiyya malama ta karanto hadisi kika ce wa ya ruwaito ta ce ke dai karɓi kawai, za ki yarda? Ai ba za ki yarda ba. Mu nan tun muna yara kunnenmu ya saba da an karɓo daga wane, shi kuma daga wane, har magana ta je inda ta fito. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a 181 bayan Hijira, cewa ya yi isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama, maganar tana nan a gabatarwar Sahihu Muslim. To wannan sunan da shekarar da ake sawa a cikin baka biyu a ƙarshen jimla isnadin 'yan boko ke nan, ba wani abu ba. Tambayar da supabaizanki yake miki da jan biro ita ce wa ya ruwaito.

Amma fa ba komai ake nema wa madogara ba, nan ne wasu ke wuce gona da iri. In kin ce an ƙirƙiri jihar Kano a 1967 ko tana da ƙananan hukumomi 44, ba wanda zai ce kawo littafi, ɗan furamare ma ya sani. In kuwa kika ce ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, to nan dole ki nuna takardar da kika gani. Duk lamba, duk ma'anar wata kalma ta ilimi, duk ra'ayin da ba a kanki ya tsiro ba, sai an faɗi mai shi. Ko da kin juya maganar kin faɗe ta da kalmominki, tunanin dai nasa ne, sai ki sa sunansa da shekara. In kuma kalmominsa kika ɗauko yadda suke, ki sa su cikin alamar zance ki ƙara lambar shafi, misali (Bargery, 1934, sh. 20). In abin da kika ɗauko ya kai kalma 40 sai ki ware shi sakin layi daban, ki tura shi ciki kaɗan, ba alamar zance.

Batun yayarki kuwa, ina kyautata zaton da APA na 6 ta yi aiki, wanda ya fito a 2009. Na 7 a ƙarshen 2019 ya fito kuma an canza abubuwa. A na 6 in marubuta uku ne zuwa biyar sai kin jero su duka a karon farko, a na 7 da zarar sun kai uku sunan na farko kawai za ki sa ki bi shi da et al., 'yan sashen Hausa su kan rubuta "da wasu". A can jerin manazarta na ƙarshe kuma a da marubuta bakwai ne iyaka, yanzu har marubuta 20 ana jerowa. Sannan an daina sa garin da aka buga littafi, da sai ki ga an rubuta Zariya ko Ibadan kafin sunan kamfani, yanzu sunan kamfanin kawai. Kin ga in kika kwafi tsarin tsohon furojet duk waɗannan sai biro ya hau kansu.

Abu ɗaya da zai cece ki: kafin ki mayar masa, ki zauna da fensir ki bi aikin daga shafin farko, duk sunan da kika gani a ciki ki duba yana cikin manazarta, duk wanda ke manazarta ki duba an ambace shi a ciki. Aikin yamma ɗaya ne da kofin shayi. Kuma ki je ofishin sashenku ki tambaya ko suna da takardar tsarin rubuta furojet, in akwai, ita ce gaba da duk abin da na faɗa miki, domin ba APA ce za ta sa miki maki ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Gaskiya zan faɗa, littattafan da na sa a manazarta ta rabinsu ban taɓa ganinsu ba, wasu daga furojet ɗin siniyoyi na kwaso wasu kuma ChatGPT ne ya ba ni, kuma sun yi kyau sosai har da shekara da shafi. Difens, wato kare furojet a gaban malamai, saura sati uku. Akwai matsala ne? Ɗalibi daga Kurna.

AMSA: Akwai, babba ma kuwa. Amma na ji daɗi da ka faɗi gaskiya, kuma sati uku ya isa a gyara.

Na taɓa zama a wani difens, ba zan faɗi makarantar ba, yaro ya sha babbar riga ya yi bayani tiryan-tiryan har ana gyaɗa kai. Ekstanal ɗin, wato mai jarrabawa da aka gayyato daga wata makaranta, wani dattijo ne mai sanyin magana, bai ce komai ba sai ya juya can shafukan baya, ya ɗora yatsa a kan wani suna ya ce wannan maƙalar a ina ka karanta ta? Yaro ya ce a intanet. Dattijo ya cire tabarau ya ce to ai ni ne wannan, kuma ban taɓa rubuta abu mai wannan taken ba. Ɗakin ya yi tsit, fanka kawai kake ji. Malaman da suka daɗe a harkar nan da yawansu daga baya suke fara karanta furojet, domin manazarta ita ke tona asirin wanda ya yi karatu da wanda ya yi kwashe-kwashe.

Shi ChatGPT da ire-irensa ba laburare ba ne, an gina shi ne ya haɗa kalmomin da suka dace da juna, don haka yana iya ɗaukar sunan malami na gaske ya haɗa da sunan mujalla ta gaske ya ƙirƙiro take da lambar shafi, abu ya fito fes alhali babu shi a duniya. Gwajin ba wuya. Ɗauki taken ka zuba a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, in bai fito ba ka fara zargi. In akwai lambar DOI, wato wannan da ke farawa da 10 da ɗigo, ka liƙa ta a doi.org, in ta gaske ce za ta kai ka kan maƙalar kai tsaye, in ta kai ka wani aiki daban ko ta ce babu, goge shi kawai. Wanda ka tabbatar akwai shi kuma ka buɗe ka karanta ko da tsakuren ne da wurin da ya shafe ka, ka ga ko ya faɗi abin da ka jingina masa.

Na furojet ɗin siniyoyi ma haka, shi siniyan wa ya ce maka ya gani? Wataƙila shi ma kwasowa ya yi daga na gabansa, kuskuren shekara ɗaya sai ya yi ta yawo daga kundi zuwa kundi kamar gadon gida. In wani littafi ya gagare ka samu amma ka ga an ɗauko maganarsa a wani aikin da ke hannunka, akwai hanyar halal: ka ce wane ya faɗa, kamar yadda wane ya kawo. A manazarta kuma wanda ka karanta ɗin za ka sa, ba wanda ba ka gani ba. Kar dai ka cika aikin da irin wannan, biyu ko uku ba laifi. Ni a wurina manazarta 15 da ka riƙe da hannunka sun fi 60 na aro, kuma ka leƙa laburaren makarantarku ko na Murtala Muhammad, za ka sha mamakin abin da ke kan kanta yana shan ƙura.

TAMBAYA: Malam ni a kan rini nake rubutu, yawancin bayanaina daga bakin dattawan karofin Ƙofar Mata na samo su, ba littafi. Yaya zan sa su? Sannan sunayenmu na Hausa wanne ne ake farawa da shi? Daga Yakasai.

AMSA: Wannan tambayar ta fi min daɗi duk cikinsu. Su waɗanda suka tsara APA masana halayyar ɗan'adam ne a Amurka, tun 1929 suka faro, kuma ba su yi tunanin marini a bakin karofi ba. A ƙa'idarsu hirar da mai karatu ba zai iya komawa ya samu ba a cikin rubutu kawai ake ambatonta, suna da ranar da aka yi, ba ta shiga manazarta. Amma sassan Hausa da na Tarihi a nan sun saba ware shafi na waɗanda aka yi hira da su, a sa suna, shekaru, sana'a, wurin hira da kwanan wata, kuma ni ina ganin namu ya fi adalci, dattijon da ya shekara 50 hannunsa a cikin baba ai ya cancanci a rubuta sunansa. Ka dai nemi izininsa tukuna, in ya ce kar a sa suna kar ka sa. Ka ajiye rikodin ɗin a wuri biyu, waya ba ta da amana.

Sai dai ka rarrabe. Yadda ake haɗa baba da toka da kwana nawa ruwan ke yi kafin ya nuna, wannan bakin marini shi ne hujja. Amma shekarar 1498 da kowa ke cewa an kafa karofin, in za ka rubuta ta ka faɗi takamaimai inda ka samo, in a bakin dattijo ne ka ce in ji shi.

Sunaye kuma, tsarin yana son sunan ƙarshe a gaba sai harufan farko na sauran. Mu kuma sunan ƙarshenmu sau da yawa gari ne ko unguwa, to ba komai, haka za ka ɗauka: Sa'adu Zungur ya zama Zungur, S., Aminu Kano ya zama Kano, A. Ka duba yadda marubucin ya rubuta sunansa a bangon aikin ka bi shi, kar yau ka kira shi da sunan uba gobe da na gari ya koma mutum biyu. Malam, Alhaji, Dakta, Farfesa, Shehu duk ba sa shiga, na san da nauyi a ce ka rubuta sunan malaminka tsirara amma haka tsarin yake. Mutum ɗaya in ya yi aiki biyu a shekara ɗaya sai ka ce 2015a da 2015b. Aya kuwa sura da lambar aya ake bayarwa ba shafi ba, hadisi ma littafi da lambarsa, tunda bugu-bugu ne shafi yana canzawa.

TAMBAYA: Malam na shirya manazarta ta tsaf, mai taifin ya watsa min ita, layuka duk sun karkace. Akwai dabara? Daga Hotoro.

AMSA: Na san abin da ya faru, da maɓallin tazara aka yi ta tura layi na biyu ciki, da an canza kwamfuta ko girman rubutu sai komai ya tarwatse. A Word ka zaɓi jerin gaba ɗaya ka danna Ctrl da T, layin farko zai tsaya a gefe sauran su shige ciki rabin inci, shi ke nan. In ka gama ka mayar da fayil ɗin PDF kafin ka kai firintin, mai shago ba shi da abin taɓawa.

In kana da laftof ka sauke Zotero, kyauta ne, kana ajiye duk abin da ka karanta shi kuma ya jera maka a tsarin da ka zaɓa, APA ne ko MLA ko na lambobi irin Vancouver da 'yan likitanci ke bi. Amma ka bi bayansa da ido, shi da maɓallin ambato na Google Scholar duk suna yawan birkita sunayen Hausa, sai ka ga sun ɗauki sunan yanka sun mai da shi na ƙarshe, ko su haɗiye ƙugiyar ɗ da ƙ. Kuma kar ka biya kuɗin bayindin mai tauri sai supabaiza ya sa hannu, a kai masa a sifiral tukuna.

Mai tambaya a kan Turnitin, manhajar gano kwafe, da kason kamanceceniyar da take nunawa, saƙonka ya iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.